Ƙafar Inna a Ƙarƙashin Asabari

A Gwandu "likitar da ba ta allura" ake ce mini. Tsofaffin unguwarmu ne suka laƙaba mini sunan tun ban zama dakta ko ta takarda ba, don sun ga ina bin gidaje ina tambayar marasa lafiya abin da ke damunsu, in rubuta, in yi sallama in tafi ban bar musu ko ƙwayar maganin ciwon kai ba. Na yi bayani har na gaji. Abin da nake nazari a jami'a shi ne yadda al'adar mutane ke tafiya da cuta da jinya, na kuma zaɓi tsofaffi masu ciwon da ba ya warkewa sai dai a yi ta lallaɓa shi: suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki. In na faɗa musu haka sai su ce, "To, Allah shi ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa wanda ya fita neman abin da bai ɓace ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, kafin a yanke mana jihar Kebbi, na fara binciken babban digirina. Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai son tsari, ko fensirinsa ba ya ajiyewa a karkace. Shi ya tsara mini takardar tambayoyi, muka buga ta da yawa har ta cika jaka. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ciki ita ce, "Wa ke kula da kai?" A ƙarƙashinta akwai 'yan akwatuna: miji ko mata, ɗa, 'ya, suruka, maƙwabci, sai na ƙarshe, babu kowa. Na rataya rikodata, na cika aljihun jaka da batir da kaset, na sauka a Kalgo gidan autarmu da ke aure a can. Daga nan nake shiga ƙauyuka.

A wata ruga kusa da Dangoma na sami wata tsohuwa wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye shekaru da yawa. Tana kwance a ɗakin ciyawa mai tsabta, ba wari, ba ƙuda, zanenta wankakke. A ƙofar ɗakin wani mutum mai furfura a gemu yana zaune ya ba ƙofar baya, yana tufkar igiya. Mun gaisa, na wuce ciki, na kunna rikoda.

"Inna, wa ka kula da ku?" na tambaye ta.

"Ba kowa, ɗiyata. Sai Allah."

"Ba ku da ɗiya?"

"Akwai ƙanana. Sun yi nisa da shanu."

Sau uku ina juya tambayar, amsar ba ta sauya ba. Na sa alama a akwatin ƙarshe, na yi mata addu'a, na fito na tsallake igiyar mutumin nan na tafi. A zatona maƙwabci ne ya zo shan inuwa.

Irin wannan amsa na yi ta samu, a Dangoma, a Dalijan, har cikin garin Gwandu. Da na koma jami'a na zauna na rubuta babi guda mai zafi, na ce zamani ya ci zumunci, an yashe tsofaffi a ɗakuna ba mai waiwayarsu. Ina rubutu ina huci, don ni dama ba a rabu da ni da saurin fushi ba, kuma fushi a kan gaskiya yana da daɗi. Malamina ya karanta ya ce babin ya yi kyau, har ya ce zai kai shi taron masana. Makon nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

To ga abin da ya kamata in faɗa tun farko: ni 'yar fari ce. A gidanmu, kamar gidaje da yawa masu jinin Fulani a ƙasarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta hira da shi, ba ta yarda ya ga jikinta. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Ƙannena suna ce wa mahaifiyarmu Inna, ni kuwa Adda aka koya mini in ce, wato yaya, shi ma ba na jin na faɗe shi sau ashirin a rayuwata. In na zo gaishe ta, in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana son a ba ni abu sai ta ce da wani, "A ba waccan." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na tashi na gani. A wannan takarda dai zan ce mata Inna, tunda ba ta duniya balle ta ji kunya.

Autarmu ta haihu, na zo Kalgo suna. Aka yi taro aka watse ban ga Inna ba. Da na tambaya sai auta ta fara kame-kame, na tsare ta da ido, ta fashe da kuka. Ashe wata biyu da suka wuce Inna ta taka garwashi wajen suyar ƙuli-ƙuli, ba ta ma ji ba, don suga ya daɗe da kashe mata tafin ƙafa. Ƙunar ta zama gyambo. Auta ta kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka wanke aka ce a riƙa wankewa safe da yamma. Ita ta zauna a Gwandu tana yi da tsohon cikinta, har haihuwa ta matso ta koma ɗakinta. Inna ta ce za ta riƙa yi da kanta, mace da ba ta iya sunkuyawa, idonta kuma ya yi rauni.

"Don mi ba a hwaɗa min ba?" na daka mata tsawa, na manta jego take.

"Ita tac ce kada waccan ta ji," in ji auta.

Washegari na hau motar farko. Tun daga tsakar gida wari ya tarbe ni. Mahaifinmu ya rasu, ƙanenmu namiji yana aiki can kudu, Inna ita kaɗai ce a gidan, maƙwabta na leƙo ta, tana ce musu ƙafa ta yi sauƙi. Tana jin sallamata ta ja zane ta rufe ƙafar, ta juya fuska bango. Ni kuwa na zo da karatuna a ka. Ban durƙusa a bakin ƙofa ba, na kutsa har tsakiyar ɗaki, abin da ban taɓa yi ba.

"Adda, ki miƙo ƙahwag ga in gani!" na ce. "Kunya za ta kashe ki? Ana maganar rai kina maganar al'ada?"

Na kai hannu zan ɗaga zanen, ta janye da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Sannan ta yi magana, da bango take, ba da ni ba.

"A gaya ma baƙuwa ta hita. Ɗakin ga ya yi mata kaɗan."

Na fita. Abincin da na dafa ranar da wanda na dafa washegari, yadda na ajiye su haka na ɗauke su.

Na je na roƙo wata nas daga ɗakin shan magani. Inna ta yarda da ita, bisa sharaɗin ina waje. Da nas ɗin ta fito ta ja ni gefe, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce yatsa ɗaya ya riga ya yi baƙi, ciwon yana cin ciki. Ta wanke ta ɗaure, amma ita ba za ta iya zuwa ba sai sau biyu a mako, ƙauyuka sun yi mata yawa. Dole a sami wanda zai riƙa wankewa safe da yamma da tafasasshen ruwa da gishiri, ya sauya bandeji. In aka ƙara mako guda a haka, yanke ƙafar za a yi daga gwiwa. Na ce a kwantar da ita asibiti mana. Ta ce ko an kwantar sai da mai jinya daga gida, wa ke nan? Na duba gabas na duba yamma. Auta na cikin wankan jego, sai ta yi arba'in. Maƙwabta kuwa Inna ta gwammace ƙafar ta ruɓe da su san ta yi musu ƙarya. Ni ce dai, ba wata.

Da azahar na zauna a inuwar zaure, raina a jagule. Don in hana kaina sake shiga in yi wani haukan, na ɗauko rikoda na ci gaba da kwafe kaset ɗin da suka rage. Na faɗa kan na tsohuwar Dangoma. Ranar da na yi hira da ita na manta ban kashe rikodar ba lokacin da nake tattara takarduna, ta ɗauki abin da ya biyo baya. Na taɓa jin wurin, na rubuta "surutun maƙwabta" na wuce. Yanzu na sake ji. Muryar namiji ce, a hankali.

"A gaya ma masu ɗaki in baƙuwa ta tahi, a hiddo hannu."

Sai muryar tsohuwar, can ƙasa-ƙasa: "A ce mishi an ji."

Na mayar da kaset baya na sake saurara, na sake. Jiya-jiyan nan aka yi mini magana ta bango, yanzu ga wasu suna yi wa juna magana ta iska. Kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ni da aka haifa cikin abin, na girma cikinsa, boko ya sa na tsallake igiyar mutumin nan ban tambayi ko shi wane ne ba.

Ban tsaya dogon tunani ba. Nas ta ɗaure ƙafar ranar, ina da kwana guda. Na kwana Kalgo, da sassafe na isa rugar, ba takarda, ba rikoda. Na gaishe su na nemi wuri nesa kaɗan na zauna. Bayan an gama tatsa mutumin ya zo da 'yar ƙwarya da man shanu. Ya saki asabarin ƙofa, labulen nan na tsaure, har ya kusa taɓa ƙasa. Ya zauna ya ba ƙofar gefe, ya yi maganarsa yana kallon garke. Jim kaɗan sai ga shanyayyen hannu an turo shi da ɗaya hannun ta ƙarƙashin asabarin. Ya ɗora shi a cinyarsa, ya shiga murzawa da man, yatsa bayan yatsa, yana lanƙwasa gwiwar hannun yana miƙewa. Bai kalli ƙofar ko sau ɗaya ba.

Da ya gama na bi shi wajen turken maruƙa na tambaye shi. Ya yi ta sosa ƙeya kafin ya amsa.

"Ni aɗ ɗan hwari," ya ce. Matarsa ke yi mata wanka da wanki, amma murza da ɗagawa sai shi, kuma tun ranar da ta faɗi bai sake bin shanu mashekari, wurin kiwon rani, ba, ƙannensa ke tafiya.

Na ce, "To ta ce min ba ta da kowa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malama, so kike ta ambace ni? Gaban baƙuwa?"

Na gaya masa halin da nake ciki, ban rage komai ba, har shigar da na yi ɗaki da tsawar. Ya girgiza kai kamar wanda aka ce masa na sa wa saniya wuta a wutsiya.

"Kin yi gaugawa," ya ce. "Kunya ga ido take. Hannu bai da ido. Ki bar mata idonta, ki roƙi ƙahwa kaɗai."

Na iso Gwandu da la'asar. Ban shiga ɗaki ba. Na hura wuta na tafasa ruwa, na zuba gishiri, na jera auduga da bandeji a faranti. Asabarin ƙofar Inna a naɗe yake a sama, na kwance shi na sake shi. Na shimfiɗa tabarma, na zauna na jingina da bango, fuskata na kallon rijiya. Ban taɓa jin kaina wawuya irin ta ranar ba, mace mai digiri biyu za ta yi magana da kaji.

"A gaya ma masu ɗaki ruwa sun huce," na ce.

Asabarin bai motsa ba. Ruwan ya yi sanyi, na mayar kan wuta, na dawo na sake faɗa. Sau uku ina haka har aka kira magariba. Na zubar da ruwan, na yi salla, na ce a raina wallahi ko itacen garin nan zai ƙare ba zan fasa ba. Taurin kan da take ji da shi, ai a nononta na sha.

Da safe na sake. Ruwa na farko ya huce, na biyu ya huce. A na uku na ƙara magana, ina kallon rijiyar nan.

"A gaya musu mai ruwan ga ta yi laihi, ta sani. Ba ta ƙara shiga. Amma ba ta da wurin zuwa, nan za ta zauna har a gaji da ita. Ƙahwa kaɗai ta ka roƙo."

Na zauna ina jira. Sai na ji ana jan tabarma a ciki, kaɗan-kaɗan, da nishi. Asabarin ya motsa. Ƙafar ta fito.

Ta kumbura, fatar ta yi sheƙi, bandejin ya jiƙe ya manne. Na jiƙa shi da ruwan ɗumi na ɓanɓare a hankali kamar yadda nas ta nuna mini. Warin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne diddigen da na tallafa a tafin hannuna, mai kaushi, mai faso, irin nawa sak. Shekarata talatin da 'yan kai, tun da aka yaye ni ban taɓa jikin uwata ba sai ranar. Na yi kuka, amma ban bari ya fito da sauti ba, kada ta ji ta janye. Na wanke, na tsane, na ɗaure. Da na saki, ƙafar ta koma ciki. An jima na tura kwanon kunu ta ƙarƙashin asabarin, ya dawo ba komai a ciki.

Haka muka yi ta yi, safe da yamma. Yatsan da ya yi baƙi bai tsira ba, an cire shi a asibiti, ranar ma maƙwabciya ce ta zauna kusa da ita a mota, ni ina gaba ban waiwaya ba. Amma ƙafar ta tsaya. Nas ta duba bayan mako uku ta ce nama ya fara tsirowa ja, ta tambaye ni ko na taɓa aikin asibiti. Na ce a'a, ni ce likitar da ba ta allura.

A zauren nan na rubuta wa malamina wasiƙa na ce ya janye babin, ƙarya ne. Ya aiko da amsa mai tsawo, ya ce amsoshin mutane ne da bakinsu, ba ni na ƙirƙira ba, kuma in na ce zan sake daga farko shekara guda za ta tafi, sa'o'ina za su riga ni gamawa. Na ce su riga ni. Na koma kowane gida da na sa wa alamar babu kowa, na zauna wuni guda, wani wuni biyu, ina kallon wanda ke ɗebo ruwa, wanda ke zubar da fo, wanda ke zaune a ƙofa ya ba ɗaki baya. Ba duka ba ne, akwai tsofaffin da da gaske an yashe su, na kuma rubuta su yadda na gan su. Amma da yawa 'ya'yan fari ne ke riƙe da su, ba mai faɗa. Shekarar ta tafi kamar yadda ya ce, har da rabin wata shekarar. Sa'o'ina sun riga ni. A kan wannan aikin na zama dakta, a kansa na koyar har na yi furfura, kuma ban taɓa barin ɗalibina ya fita da takardar tambayoyi ba sai ya fara zaman wuni uku a gidan mutane hannu rabbana.

Auta ta yi arba'in ta zo Gwandu da jaririnta, ta ce in huta ta karɓa. Da yamma ta zauna a wurina, ta jawo kwanon ruwa. Ƙafar ta fito, auta ta kama, ko minti ba a yi ba ƙafar ta koma ciki.

"Hannun ga ya cika gaugawa," in ji Inna daga ciki. "A bar ma wanda ya saba."

Auta ta kalle ni ta riƙe baki. Na karɓi wurina, ƙafar ta sake fitowa, na ɗora ta a cinyata. Ita kuwa auta, da yake ba abin da ke tsakaninta da Inna sai wasa da shagwaɓa, ta zaro takardar tambayoyi guda daga jakata, ta ɗaga asabarin ta shige ciki. Ina jin ta tana gyara murya irin ta ma'aikata.

"To Inna, gwamnati ta aiko a tambaye ki. Wa ka kula da ke?"

Na tsaya da audugar a hannu.

"Ba kowa," in ji Inna. "Sai Allah."

Tana faɗa ta danna diddigenta cikin tafin hannuna, ta bar shi a nan, har na gama ɗaure bandejin ba ta janye ba.